Takalmin Ƙanƙara Mai Sarari

Matata ba ta taɓa yarda cewa na iya zamiya a kan ƙanƙara ba. Akwai wani tsohon hoto nawa na lokacin da nake karatu a Turkiyya, ina tsaye a kan allo da ƙafafuna biyu ɗaure a jikinsa, dutse fari fat a bayana. Duk sanda ta gani sai ta ce tsayawa kawai na yi aka ɗauka. Ban ga laifinta ba. Mutumin da ta aura ma'aikacin kamfanin kago ne, masu jigilar kaya, a unguwar Al Warsan nan ƙasar Larabawa, wanda yake dawowa ɗakinsa na International City ya yi barci da safa a ƙafa.

Shekarar da ta zo mini ziyara, bizarta na gab da ƙarewa, na ƙudurta sai ta ga wancan saurayin na cikin hoton da idonta kafin ta koma Kano. Ban san yaushe za a sake ba ta biza ba, ni kuma gwiwata ba ƙara lafiya take yi ba.

A cikin wata babbar kasuwa akwai tudun ƙanƙara da aka gina cikin gilashi. Suna ba da hayar allo da riga, amma na ce takalmi nawa zan saya, don girman kai. Na shiga shagon takalman wurin na rasa gane komai. A zamaninmu igiya muke ja har yatsu su yi ja. Yanzu wani ɗan maɓalli ake murɗawa, waya ta matse ƙafar. Allunan ma sun sauya lanƙwasa. Mai shagon, wata 'yar Filifin, ta yi ta bayani, ni kuwa kujerar da zan zauna nake nema.

Ta kawo takalmin da ya kama ni cif, babban yatsana yana taɓa gaba. Ta ce haka ake so. Na san haka ake so, na taɓa sani. Amma hannuna ya riga ni: na sunkuya na danna bakin takalmin da babban yatsa, yadda mahaifina yake yi mana a kasuwa kafin Sallah. A gidanmu takalmin da ba shi da sarari asara ne. Ƙafa tana kumbura da zafi, kuma abin da za ka tuɓe a ƙofar masallaci sau biyar a yini bai kamata ya yi maka gardama ba.

"Ƙaro lamba ɗaya," na ce.

Ta girgiza kai. Matata ta sa baki: "Ba shi babban, kar ya ci masa ƙafa. Khalas, shi ke nan."

Daga saman tudun na gane abin da na yi wa kaina. Allo da dunduniya ake juya shi. Ni kuwa in na ɗaga dunduniya sai ta tashi ita kaɗai a cikin takalmin, allon ya ci gaba da tafiyarsa. Na faɗi ta baya. Na tashi, na murɗa maɓallin har ya ƙi murɗuwa, na sake faɗuwa, wannan karon da fuska. Yara suna wuce ni ta hagu da dama. Abin da ya fi damuna ba ciwon ba ne, gajiya ce, irin wadda na shigo da ita daga waje.

Abu ɗaya ya rage mini. Kowa a wurin riga iri ɗaya ce a jikinsa, ga hular kwano da tabarau. Daga bayan gilashi inda matata take kallo, ba lalle ta bambance ni ba. Har na ji daɗin hakan, abin kunya.

Na fito na same ta da shayi biyu. Ta sunkuya ta zare mini takalmin da ja ɗaya, ko maɓallin ba ta taɓa ba.

"Sannu, yallaɓai. Ka sha ƙasa."

"Ta yaya kika san ni ne?"

"Haba," ta ce. "Duk cikinsu kai kaɗai ne kake dafa gwiwa, ka tsaya ka yi numfashi, sannan ka miƙe. Haka kake tashi kowace asuba in za ka tafi aiki."

Ta miƙo mini shayin. Na riƙe shi da hannu biyu. Ban san tana kallona da asuba ba.