Baƙuwa a Tashar Agiye

A tashar Agiye, Delu mai fura tana damu, idonta na kan wata baƙuwa da ke zaune bisa buhun wake, ordinata, wato kwamfuta, a cinya. Doguwa ce, siririya, gyalenta ya zame ba ta sani ba. Lallen yatsunta sabo ne, kamar daga gidan biki aka kirawo ta.

Waya na maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa. "Malam Rilwanu, kada ka sallami matan nan," take cewa. "Sunayen masu karɓar iri suna ajiye a intanet. Na'urar da ke kula da ma'ajiyar ce za ta rufe ta don gyara. Bari in dakatar da ita har ku gama rabo."

Delu ba ta gane duka ba, amma ta san layin iri a Gangara, ta san tsayuwar rana da goyo, ga hadari na haɗuwa gabas. Tana ƙaga wa baƙuwar uwa a wani ƙauye, tsohuwa mai gaya wa maƙwabta ɗiyarta na aikin da ido ba ya gani.

Rezo, wato sabis ɗin intanet, ya ɗauke. Baƙuwar ta ɗaga ordinata sama, leɓɓanta na motsi, har ya dawo. Ta danna maɓalli a hankali, kamar mai lulluɓe jariri.

"Ci gaba da rabo, Malam. Na dakatar da na'urar, gobe in sake ta."

Motar Maraɗi ta cika ta tashi ba ita. Delu ta miƙa mata ƙwarya.

"Sha, ɗiyata. Wata motar na tafe."