Ambulan ɗin da gaisuwa ta cinye mini a Lyon

Mun tashi da asuba daga La Courneuve, gefen Paris, ni da wani abokina ɗan Maraɗi, sanyi kamar ya cire kunne. Kasuwar masu tara kan sarki ake ci a Saint-Fons, gefen Lyon, ita ta fitar da mu.

Ga waɗanda ba su sani ba, shekara tara ke nan ina tara ambulan masu hatimin jiragen ruwan yaƙi. Wasiƙar da aka aiko daga cikin jirgi, da sunansa da kwanan wata a jikinta take fitowa. E, na sani, ɗan Damagaram da zancen teku! Kun sha yi mini dariya, na yafe. Akwai wani jirgi da aka daɗe da sassare shi, hatiminsa na ranar ƙarshe kaɗai ya rage in cika shafina. Abokin nawa kuwa bara na koya masa harkar, ko albam na kirki bai mallaka ba.

Awa biyu jirgin ƙasa ya kai mu. Kofin cikinsa tsada kamar da zuma aka dama, sai muka buɗe kilishinmu, wata Baturiya tana ta leƙen ledar. Saint-Fons kuma ba sai an gaya maka ka iso ba, hayaƙin masana'antu ne ke yi maka maraba.

Zauren cike yake da tsofaffin Turawa masu tabarau, kowane tebur da kwalaye shaƙe da ambulan. Suna da ƙa'ida guda: muddin hannunka na cikin kwali ba mai taɓawa, kana saki ya zama na wanda ke bayanka. Na samu kwalin jiragen ruwa, na ci rabinsa, sai na ji an ce, "Salamu alaikum, Malam!"

Wani dattijo ne ɗan Tawa, shi ya ba ni masauki a Vaulx-en-Velin, nan kusa da Lyon, lokacin ina ɗalibi. Ya ji zan zo, ya hawo bas takanas don mu gaisa. To, wa zai miƙa wa irin wannan mutum hannu ɗaya? Na saki kwali, na rusuna. Ina gajiya, Alhaji, ina sanyi, ina iyali, yaya ƙafar, yaya mutanen gida. Ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ina waiwayowa na ga abokina ya gama sauran rabin, har ana saka masa abu a leda.

Mun ci shinkafa da miyar gyaɗa a gidan Alhaji, muka kamo jirgin la'asar. Muna zaune abokina ya zaro ambulan ya ce, "Malam, duba mini wannan. Hoton jirgin ne kawai ya burge ni. In ba wani abu ba ne, ka riƙe."

Shi ne. Hatimin ya fito tsaf, ko gefe bai goge ba. Wallahi shekara tara ina nema, shi ko sunan jirgin bai iya faɗa daidai ba! In na ce tarkace ne, ya zama nawa, kuma har abada ba zai sani ba. Na daɗe ina juya ambulan ɗin, ina jin hassada tana cin ƙirjina, sannan na gaya masa ko mene ne.

Ya ce, "Ah bon? Da gaske?" Ya karɓe shi da hannu biyu, ya sa a aljihun ciki, ya ja zif. Bai sake cewa in riƙe ba. Na ce Allah ya sa albarka, amma iyakarta baki.

Na dawo gida lafiya, na ajiye albam ban buɗe ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne: ashe mutum zai iya faɗin gaskiya, zuciyarsa ta ƙi yafe masa. Yau kwana uku yana kirana in raka shi sayen albam, ni kuwa ban ɗaga ba tukuna.