Yadda Na Zama Ɓarawon Saƙata

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini. Amma ranar da aka gurfanar da ni gaban alƙali wai na saci saƙar da ni na ƙirƙiro ta, wannan kam ba zan manta ba har a kai ni kushewa.

Lokacin Nasara ba su daɗe da kama Sakkwato ba. Ni masaƙi ne, gado na yi. Akwai wani zubin zane da na fitar da kaina, bayan na yi damina biyu ina ɓarnar zare: baƙi uku, fari siriri, sai zaren tsamiya ɗaya ya ratsa tsakiya. Mata suka so shi ƙwarai. Duk ranar kasuwa kafin azahar na sayar na kama hanyar gida.

Mu masaƙa ba ma rowar zubi. Wanda ya gani ya so, zai zo da goro ya durƙusa, ka ƙirga masa zaren, ka sa masa albarka. Ya samu, kai ma naka yana nan. Shi ya sa da akawun wani kamfanin Turawa, masu sayen fata suna sayar da yadi, ya zo rumfata da goronsa, ban kawo komai a raina ba.

"Baba, Bature ya ga saƙarka, ta ba shi sha'awa. Shina son ka ba shi."

"Wanga ɗan abu? Shi ɗauka mana, Allah shi sa albarka."

Ya fito da takarda da tawada, ya ce in dangwala yatsa, shaidar na bayar. Wallahi har daɗi na ji, wai saƙata za ta ƙetare teku. Na zaɓi ƙyalle mafi kyau na yanka masa. Ina da 'ya'ya biyar a lokacin, amma ka ji wautar da na tafka.

Bayan shekara biyu sai ga zubina a kanti, bandir-bandir, bugun inji. Launin a sama kawai yake, wanki uku ya koɗe. Na yi dariya na ci gaba da aikina, har ranar da ɗan aiken alƙali ya yi mini sallama.

Akawun nan na tarar a zaune gaban alƙali da takardarsa. Ya ce zubin na kamfani ne, an rubuta shi a ƙasar Turawa, duk wanda ya saƙa shi yana kwaikwayon kayansu ne don ya cuci masu saye.

"Allah gafarta Malam," na ce wa alƙali, "ni nis saƙa shi tun ba su san hanyar garin ga ba!"

Alƙalin dattijo ne, ya san ni, iyalinsa ma suna ɗaura zanena. Ya dube ni ya ce:

"Na duba littattafai, ban ga inda anka ce ratsin zane na da mai shi ba. Amma yatsan ga, naka na?"

"Nau na."

"Kai kab ba su?"

"Na ba su, awa yadda nika ba kowa."

Ya yi ajiyar zuciya. Shi ma akwai na sama da shi, kuma kowa ya san wurin Nasara takardar za ta nufa in ya ƙi ta. Ya ce kada in ƙara kai zubin kasuwa.

Ko fushi ban iya yi ba, gajiya ce kawai ta sauko mini. Na koma gida na sa wuƙa na yanke zaren da ke kan masaƙa. Waɗanda na koya wa ma suka bari, don tsoro. Daga ranar fari zalla na yi ta saƙawa, har idona ya daina ganin zare.

Bara jikata ta shigo da sabon zanen kanti, ta miƙo mini gefensa. Da na tambaye ta launukansa, sai ga zubina ne sak.

"Kaka, da kana saƙa, ka iya irin wanga na kamfani?"

Na shafa shi, na ce mata a'a, wannan sai Turawa. Ba ni da ƙarfin bayani.

Abin da na koya ke nan, bayan koyon ya daina amfanata: kafin ka yi wa baƙo alheri irin na gidanku, bincika yadda ake karɓarsa a nasu gidan, kuma takardar da ba ka iya karantawa ba, kada yatsanka ya taɓa ta.