Zagi a Ƙarƙashin Bisimilla

Na fara da sunan Allah, kuma wannan karon na duba abin da zan rubuta a ƙarƙashinsa. Ku samarinmu masu cika filin ƙwallo ran Lahadi, da ku nake. Ba zan faɗi sunana ba. Iyayenku sun san ni, wasunsu har sun tafa mini.

A zangon Kumasi aka haife ni. Malaminmu ya koya mana ajami tun ba mu san boko ba, ya koya mana auna baiti da daidaita ƙafiya. Abu biyu ya dasa mana da bulala: ba a fara rubutu sai da Bisimilla, kuma takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a barinta a ƙasa. Da na zo New York na samu aiki a wani shagon kayan abinci a unguwar Mount Hope, ina yankan nama, ina sauke buhunan shinkafa. Na yi aure, Allah ya ba ni 'ya mace. In ana suna ko Mauludi ni ake kira in rera bege. Har lokacin ban taɓa ganin cikin motar 'yan sanda ba.

Masallatai biyu ne a tsakaninmu. Namu yana saman wani shago, muna sakin hannu a salla, muna shimfiɗa farin ƙyalle mu yi wazifa. Nasu yana ƙarƙashin wani bene a Morrisania, suna rungume hannu, suna cewa abin da muke yi bidi'a ne. Duk da haka ana gaisawa, ana zuwa jana'izar juna. Kowane masallaci da ƙungiyar ƙwallonsa, in zafi ya shigo sai a riƙa karawa a filin unguwa bayan azahar.

Ni ban iya taka leda ba, bakina ne ya kai ni filin. Wata Lahadi aka zura wa golansu ƙwallo uku, sai na rera baiti ɗaya, na ce ya rungume hannu a salla, ya zo raga ma bai sake ba. Fili ya ɗauki dariya, har mutanensu. Awudu Dogo, mai buga wa magoya bayanmu ganga, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kai dukiya ne. Mako mai zuwa ka ƙaro mana."

Na ƙaro. Daga gola na koma kan gemunsu da ɗangalallen wandonsu. Daga nan na shiga matansu. Kafin zafi ya wuce na sa su a wuta gaba ɗaya. Su ma suka tsara tasu suna kiranmu mushirikai. Kun san abin da ya dame ni a waƙarsu? Ba kalmar ba. Na ce baitinsu a karye yake, ba su iya awo ba. Iyakar addinin da ya rage mini ke nan a lokacin.

Dattawa sun zauna a kan maganar wata Juma'a. Wani tsoho ya ce a daina, wanda ya kafirta ɗan'uwansa da ganga bai bambanta da wanda ya kafirta shi a kan mumbari ba. Sai aka taso masa. Wannan ya ce wasa ne kawai. Wancan ya ce Turawa ma haka suke yi a filayensu. Wani ya ce ƙasar nan kowa da bakinsa, wani kuma, mai carbi a hannu, ya ce ai waƙar ce take jawo samari kusa da masallaci. Har yau in na tuna fuskokinsu raina ɓaci yake yi. Manya ne, sun san abin da kalmar kafiri take haifarwa a can gida, amma daɗin cin abokin gaba ya fi musu.

Mai shirya gasar saurayi ne haifaffen nan. Ya ce duk ƙungiyar da ya kama da takardar irin wannan waƙa ya kore ta. Sai na yi dabara, na koma rubutawa da ajami, ina buga kwafi ina rabawa manyan magoya baya, su kuma su biya wa sauran. Ranar farko ya karɓi ɗaya, ya ga baƙaƙen Larabci, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Amin, Ankul." Muka juya muna dariya.

Da sanyi limaminsu ya rasu. Na je, na tsaya a sahu, na yi masa salla. Da zafi ya dawo muka haɗu da su a wasan ƙarshe. Awudu ya ce, "Malam, wannan karon ta liman za ka yi mana, mu gama da su." Ina so in ce muku na yi jinkiri, amma ƙarya ba ta da amfani yanzu. Zama ɗaya na yi baiti bakwai, na ɗora su a kan karin begen da nake rerawa a Mauludi. Ba zan maimaita su a nan ba. Na faɗi inda na ce mamacin yake da abin da ake yi masa a can. Kuma hannuna, saboda sabo, ya rubuta Bisimillahir Rahmanir Rahim a saman takardar, ni ko lura ban yi ba.

Bayan hutun rabin lokaci muka ci su da fenariti. Awudu ya saki ganga, muka ɗauki waƙar. Gefensu ya yi tsit. Cikin tsalle-tsalle takardun suka zube, mutanenmu suna takawa.

Akwai wani dattijo, Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, direban tasi, ƙanen marigayin. Ruwan sha ya kawo wa 'yan wasa a bayan motarsa. Ƙarar ganga ta hana shi jin kalmomin. Shi dai ya hango sunan Allah a ƙarƙashin takalma, sai ya ratso cikinmu yana duƙawa, yana tsinta, yana gogewa da rigarsa. Da ya tara, sai ya karanta. Na ga ya tsaya. Sannan ya nufo ni, don kowa ya san hannuna.

"Malam, wanga rubutunka ne?"

Na ce, "Nawa ne. Sai me?"

Ya ce, "Yayana ka sa a wuta. To, wannan tsakaninku ne, za ku haɗu. Amma sunan Allah fa? Mi ya yi maka da ka aza shi bisa wanga?"

Ganga ta tsaya. Wani daga cikin namu ya ƙyalƙyale ya ce, "Kai, yau an kama malam." Da zagina Alhaji ya yi, da na ji sauƙi. Gaskiya ya faɗa a gaban mutanen da suke kirana malam. Ya ɗago takardar kusa da fuskata yana nuna layin farko da yatsa. Sandar tutarmu tana hannuna, ta ƙarfe ce. Na kai masa a fuska.

Idonsa na hagu ya tafi. Tuƙin tasi ya ƙare, shekara ashirin da wani abu yana ciyar da gida da shi.

A kotu aka kawo takardar, da jininsa a gefe. Tafintan Larabci ya duba ya ce shi layin farko kawai ya gane. Aka nemo wani Bahaushe mai karanta ajami. Ya tsaya ya fassara da Turanci, ya fara da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, ya gangaro baiti bayan baiti. Alƙaliyar ta cire tabarau ta dube ni. Matata tana bayana, ina jin kukanta. Awudu kuwa ya gaya wa 'yan sanda shi ganga kawai yake bugawa, bai san abin da ke cikin takarda ba. Masu cewa wasa ne, ko ɗaya bai taka kotu ba.

Shekara uku da watanni na yi a gidan yari can arewacin jihar. 'Yata ta shiga makaranta ba ni nan, ta koyi karatu, wasiƙarta ta farko gare ni ta bi ta hannun gandiroba. A can na yi salla a bayan wani Baƙar fata ɗan ƙasar nan. Sahu ɗaya, wani ya saki hannu, wani ya rungume, ba mai duban na kusa da shi. Kowa da abin da yake roƙon a yafe masa. Sai da aka kulle ni da ɓarayi da masu kisa na ga abin da masallatai biyu suka kasa.

Da na fito na nemi Alhaji Mamman. Na same shi a Parkchester kusa da tashar jirgin ƙasa, yana sayar da huluna da turare a kan tebur. Na yi sallama ta hagunsa. Ya ce, "Zagayo ta nan, wancan gefen ba kowa." Na zagaya na durƙusa a kan titi, na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya daɗe yana gyara huluna. Sannan ya ce, "Lahadi ka tafi fili, ka dawo mu yi magana."

Na je. Sababbin fuskoki, sabuwar ganga. Aka ci ƙwallo, sai na ji ta. Waƙata. Ku ne kuke rerawa, kuna tauna kalmomin, kuna tsalle. Na kama hannun wani daga cikinku na ce, "Ka san abin da kake faɗa?" Ya amsa mini da Turanci cewa waƙar ƙungiya ce, haka suka tarar ana yi.

Na koma wurin Alhaji. Ya ce, "Ka ji ta?" Na ce na ji. Ya ce, "Ido nawa ne, na yafe. Waccan ba tawa ba ce, mai ita yana kabari. Ni na tsince maka na ƙasa. Na bakin mutane kai za ka tsinta."

Shi ya sa nake wannan rubutu, da boko, don kada wani ya sake cewa amin a kan abin da bai karanta ba. Waƙar da kuke yi in an ci ƙwallo tana cewa wani bawan Allah da ya yi shekara da shekaru yana jan salla yana ƙonewa. Jikokinsa suna zaune a ɗaya gefen filin, wasunsu ajinku ɗaya. Ku zagi golan da ya bar ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ku zagi rafali in kun ga dama, amma ku bar sallar mutane da matattunsu. Wanda ya ce muku wasa ne, ku tambaye shi inda yake ranar da aka yanke mini hukunci, ku tambaye shi ko ya taɓa sayen hula ɗaya a teburin Alhaji Mamman.

Na tuba ga Allah, ina roƙon ya karɓa. Kowace Lahadi kuma ina filin. In kun ga wani mai furfura ya shiga gaban ganga yana ɗaga hannu yana cewa ku yi shiru, kada ku ce tsoho ya zo ɓata mana rana. Ni na rubuta ta. Ku ba ni abata.