Na nome wa Rabi gonar gwaji

'Yan uwa, yau na je gyara na yi ɓarna!

Rabi, 'yar ƙanena Sani, tana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin noma. Bana na ba ta gefen gonata ta shuka wake. Da safe na leƙa. Subhanallahi! Wani layin tsaf, wani ciyawa har gwiwa, ga turaku masu fenti ko'ina. Ni ba na ganin haka in wuce. Da farko na nome ciyawar. Sannan na zuba taki daidai wa daida. Daga ƙarshe na tuge turakun na ɗaure, ja daban, shuɗi daban.

Bayan azahar sai ga motar jami'a, Rabi da malaminta!

Malamin ya ce, "Alhaji, ina layukan da ba a nome ba?"

Na ce, "Na gyara su."

Ya ce, "Da gangan aka bar su don a gwada da sauran. Da wannan za ta gama karatu. Yanzu sai damina mai zuwa."

Rabi ta durƙusa, hawaye na zuba, ta ce, "Sannu da aiki, Baba."

Sani bai ji labarin ɓarnar ba tukuna. Yanzu ya aiko min da fura, wai godiyar noma.