Baƙon da Ya Sauka a Zauren Baba

Babanmu mai wankin hula ne a unguwar Kumbiya-Kumbiya, kuma yana da wata ɗabi'a da ta ishe mu. Duk baƙon da ya sauka a zaurensa, ba ya tambayarsa daga ina ya fito sai ya kwana uku. Haka ya gada a wurin nasa uban. Jikokinsa kan tsokane shi wai zauren Kaka ya fi tasha cika, shi kuma ya ce ai su ne manyan baƙin, tunda ba abin da suka zo da shi duniya sai ciki.

A shekarun da bama-bamai suka fara tashi a Gombe, kowa ya ja ƙofarsa. Ko masallacin Juma'a sai an laluba mutum kafin ya shiga. Ana cikin haka wani Babarbare ya sauka, dogo, ramamme, ba ya magana, da wani ƙullin kaya da ko alwala zai yi yana gefensa. Baba ya shimfiɗa masa tabarma.

Ni ne ɗan fari, ma'aikacin gwamnati, mai ganin kansa ya waye. Na ce wa Baba zamani ya canja, a bincika mutumin nan. Baba bai taɓa kiran sunana ba saboda alkunya, kuma ko a ranar bai ɗago kai daga hular da yake gogewa ba. Ya ce ai yau kwana ɗaya ne.

Washegari na kai rahoto wurin jami'an tsaro, ban shawarci kowa ba. Ina so in ce tsoro ne kawai, amma har da haushin an ƙi jin maganata. Da azahar suka zo suka tafi da baƙon. Da aka kwance ƙullin a ƙofar gida, rigunan yara ne, na 'ya'yansa da aka kashe a ƙauyensu.

Daga ranar Baba ya ajiye wanki. Kullum sai ya ɗauki kwanon abinci ya je ya zauna a bakin inda ake tsare da mutumin, a kore shi, gobe ya koma. Sai da aka kusa wata biyu aka sako baƙon yana ɗingishi. Baba bai taɓa tambayata komai ba, na kuwa ɗauka bai sani ba. Sau da yawa na durƙusa gabansa da niyyar in faɗa, sai in ƙare da tambayarsa ya ciwon ƙafarsa. A haka har ya rasu.

Ranar sadakar uku mutumin ya zo. Ya ratsa jama'a ya zauna kusa da ni, ya kama hannuna.

"Baba ya faɗa mini komai," in ji shi.

Na sunkuyar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Ya ce kai ka yi ta bin ofis-ofis har aka sake ni. Ya ce kada in yi maka godiya yana raye, kunya gare ka."

A nan na gane tun farko Baba ya sani. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba ya yi guda ɗaya don ya rufa mini asiri. Baƙon ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya saka mini da irin abin da na yi masa, jama'a suna ta amin. Ni ma na ɗaga hannu, amma bakina ya kasa.