Ragon Toktosun da Hatimin Rifat

Duk baƙon ƙasar da ya daɗe a Bishkek har ya fara ƙorafin tsadar albasa ya san Burul. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, don in ta yi magana a bakin kasuwa, mutanen Kazakistan da ke tsallaken iyaka ma sai sun waiwayo. Direba ce. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da tsohuwar mota, ta aurar da 'ya'yan ta riƙe motar. Aikinta kai baƙi bakin iyaka, waɗanda iznin zamansu ya kusa ƙarewa. Su tsallaka a ƙafa, a buga musu hatimi, su juyo a buga musu sabo.

Nasiha kuwa kyauta take raba ta, ko ka nema ko ba ka nema ba. Kada ka yi murmushi a hoto. Abin da jami'i ya tambaya shi za ka amsa, ba tarihin kakanka ba. Kada ka bari sai ranar ƙarshe. Babbar dokarta ita ce: in an kama hanya, ba ka da dangi.

Sababbin zuwa ba sa ba ta wahala, don ba su san kowa ba. Tsofaffin zaman ne ciwon kanta, waɗanda suka koyi cewa ba a wuce gidan sani ba a ɗanɗana burodi ba. Kuma a cikinsu babu kamar Rifat, mai aski ɗan Turkiyya. Ya auri Jipara, ga ta da tsohon ciki. Takardar zamansa ta dindindin tana ofis ba ta fito ba, kuma kafin ta fito, in ya kuskura ya zarce wa'adinsa, ta lalace ke nan, sai dai a nuna masa jaririnsa ta waya.

Shi ne ya zo mata ranar ƙarshe, da rana tsaka, yana ƙamshin turare.

"Eje, yau ne fa," in ji shi. Haka suke kiranta, wato yaya.

"Na sani, ɗan ƙanena. Na ɗauka jira kake gashin fasfon ya tofo ka aske shi. Shiga."

Sun bar gari ke nan, sun shiga wani ƙauye, ta hango wani da farar hula a ka a ƙofar wani gida. Tsoho Toktosun ne, kawun Jipara, mutumin da bai taɓa sallamar baƙo ran da ya zo ba. Ana cewa wani mai gyaran wuta ya shiga gidansa da kaka, sai da bazara aka sake ganinsa, ya yi ƙiba.

"Kwanta," in ji Burul. "Ka zama buhu."

Rifat ya sauke gilashi ya dafa ƙirji. "Assalamu alaikum, Baba."

"A'a, surukina ne a hanyata kamar ɓarawo? Sauko ka taɓa burodi."

"Loma ɗaya, eje," in ji Rifat.

Loma ɗayan ce ta haifi shayi, shayin ya haifi man shanu da zuma da maƙwabta. Burul tana bakin shimfiɗar abinci tana harararsa har idonta ya gaji. Can sai ta ji kukan rago. Tsohon ya jawo shi har bakin ƙofa, ya tsaya yana jiran baƙo ya ɗaga hannu ya yi addu'a a kai. Kowa ya san in baƙo ya shafa wannan addu'ar, ba shi da tashi sai an dafa, an ba shi kan, an sha romo, an kuma kawo shayi. Gobe ke nan, in an yi sauri.

Hannun Rifat ya fara tashi da kansa. Burul ta cafke shi kamar ta kama kaza.

"Baba, a gafarce ni. Wannan baƙon ƙasa ne, yau izninsa ke ƙarewa."

"Wa? Wannan? Wanda ya fi 'ya'yana iya yanka kan rago? Ke dai kin cika tsoron takarda, 'yata."

"In ya ci kan ragon nan yau, ranar bikin haihuwa kai za ka zauna a mazaunin uba."

Tsohon ya dubi ragon, ragon ya dube shi.

"Na riga na nuna shi," ya ce. "Ba a mayar da rago garke, ba a tashin baƙo daga shimfiɗa. Me maƙwabta za su ce?"

"To kada ya tashi daga shimfiɗar," in ji Burul. "Shimfiɗar ce za ta tashi."

Ta saki hannun Rifat ya yi addu'arsa, aka wuce da rago bayan gida. Ita kuwa ta tattaro ƙyallen ta kusurwa huɗu, da burodin da komai, ta baza a kujerar baya. Toktosun ya shiga da butar shayi a cinya, ya zauna a matsayin mai gida, yana zuba wa surukinsa rabin kofi rabin kofi. Duk ramin da Burul ta faɗa sai ya ce, "A hankali, kina girgiza mini ɗaki."

A bakin iyaka layin ya kai har inda ido ya gaji. Tsohon ya so ya bi Rifat, Burul ta ce ba shi da fasfo. Sai ya cusa wa Rifat burodi a aljihu.

"Ka riƙa gutsura. Muddin kana tauna, a gidana kake."

"Amma ka haɗiye kafin ka isa tagar jami'in," in ji Burul. "Kuma kada ka ba shi labarin ragon."

Rana ta yi ja kafin su hango shi yana dawowa ta kan gada, fasfo a sama. Burul ta karɓa, ta duba hatimin fita, ta duba na shiga, ta hura musu iska su bushe, sannan ta jefa shi cikin jakarta.

"Eje, fasfona."

"Sai gobe. Da hannun maiƙo za ka taɓa shi?"

Toktosun ya taɓa butar, ya ce shayi ya huce, a yi sauri, nama ya kusa nuna.